In An Kawo Miki Ɗinkin Bargon Ƙyalle

Ga sanyi ya ƙarato, ga kuma bukukuwan aure sun soma jeruwa, na san duk wadda ke da keken ɗinki a ɗakinta ƙafarta ba ta da sauran hutu sai hunturu ya wuce. Saboda haka na ga ya kamata in ba ki labarin wani aiki da aka kawo mini bara war haka, wanda ya kusa raba ni da mutuncina a idon wata dattijuwa, don in an kawo miki irinsa kada ki faɗa ramin da na faɗa.

Wata ranar Asabar da hantsi ina shanya, sai ga wata Hajiya ta yi sallama. Ƙawar surukata ce, daga cikin Birni ta fito ta Ƙofar Doka ta zo har gidanmu a nan Tudun Wada, tana rungume da wani ƙunshi. Bayan mun gaisa ta sha ruwa, ta kwance ƙunshin nan a kan tabarma. Wani babban mayafi ne da aka haɗa da ƙyallaye masu kusurwa huɗu, kowane ɗaya kamar faɗin tafin hannu da yatsunsa, duk an ɗinke su da hannu, ɗinki ƙanana sumul kamar jerin gero. A gidanmu bargon ƙyalle muke ce wa irin wannan. Amma wannan bai zama bargo ba tukuna, fuskar ce kawai, babu ciki babu shafi.

Hajiya ta ce, "Malama, aikin mahaifiyata ne, Allah ya jiƙanta. Ta yi shekaru tana haɗa shi, ba ta kai ga gamawa ba. Ga 'yar autata za a kai ɗaki nan da wata guda, ita ce kuwa ta ci sunanta. So nake ki sa masa ciki da shafi, ki bi shi da keke, a shimfiɗa mata a gado ranar jere."

Na ce, "To Hajiya, Allah ya kai mu, ai wannan ba wani abu ba ne." Kin ji kuskurena na fari. Ban buɗe shi gaba ɗaya na duba ba, ban tambayi tarihin ƙyallayen ba, ban kuma yanke kuɗin aiki ba, don ina jin kunyar ƙawar surukata.

Kafin in ci gaba bari in yi magana da 'yan'uwanmu masu raina wannan aiki, waɗanda da sun ga ƙyalle a haɗe sai su taɓe baki su ce kayan marasa hali ne. Ke da kike Zariya, ki tuna da 'yan lifida da kike leƙowa ki gani ranar hawan Salla. Lifidin nan da ke jikinsu da jikin dawakinsu mene ne? Yadi ne sama, yadi ƙasa, auduga a tsakani, aka bi shi da ɗinki layi-layi don kada audugar ta gudu ta taru wuri guda. Da shi mazan jiya suke kare kansu daga kibiya. Tarihin Kano ya nuna Sarki Kanajeji, wanda ya yi sarauta daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Watau dai wannan dabara ta hawa uku ta fi shekara 600 a ƙasar Hausa, kuma a fada ta soma zama. Can Amurka ma, a wani ƙauye na jihar Alabama da ake kira Gee's Bend, akwai mata baƙar fata, jikokin bayi, da suka gaji haɗa barguna da tsofaffin wandunan aiki da buhuna don maganin sanyi. A shekarar 2002 aka baje bargunansu a manyan gidajen adana kayan fasaha na Houston da New York, a 2006 kuwa gwamnatin ƙasar ta buga hotunan bargunan a jikin kan sarki. To ki gani.

Mu koma ga Hajiya. Da ta tafi na auna mayafin, faɗinsa inci 72, tsawonsa inci 84. Ƙyalle 12 a kwance, 14 a tsaye, kowanne inci 6, jimla ƙyalle 168 ke nan. Akwai atamfa iri-iri, da shadda, da akoko, har da saƙi baƙi guda huɗu a kusurwoyi. Da na juya bayansa na ga wasu ƙyallayen tsohuwar ta bar musu gefen turmi a cikin haɗi, ana iya karanta ragowar rubutun masaƙun Kaduna a jiki. Masaƙar KTL da aka buɗe a Kakuri a 1957 an rufe ta a 2002, UNTL kuma ta tsaya a 2007. Ashe ke nan ko da kuɗi a hannu ba inda zan je in sayo madadin ƙyalle ɗaya daga cikinsu, ko Kantin Kwari na tafi. Na ga wannan da idona, amma ban yi tunani a kai ba.

Abin da na yi shi ne, na sayo turmin atamfa guda don shafi, na samo wani bargon auduga mara kauri don ciki, na shimfiɗa su uku a kan gado, na soka musu 'yan filoli a gefe-gefe, na ɗauka na kai kan keke. Na fara daga baki ɗaya kamar yadda ake kalmasa zane. Layi na fari ya tafi lafiya. Na biyu ya tafi. Ina cikin na huɗu na ga fuskar ta soma tattarewa a gaban allura kamar goshin tsohuwa, shafin kuwa ya zame ya bar ta a baya. Na ce bari in ja da hannu in daidaita. Na ja, ɗinki ya hau kan tattarar ya danne ta. Sai na ɗauko reza don in warware. Ina warwarewa na ji "ƙiii", wani ƙyalle mai ruwan ƙasa da zanen ganye ya yage tun daga haɗi har tsakiyarsa, tsagar ta kai tsawon ɗan yatsa.

Uwargida, daren nan ban yi barcin kirki ba. Zuciya ta ce mini in cire ƙyallen in sa wani mai kama da shi, cikin 168 wa zai lura? Har na buɗe buhun ƙyallayena na soma zaɓe. Amma na tuna yadda Hajiya ta riƙa shafa mayafin nan sa'ad da take kwance ƙunshin, tana tsayawa a kan wani ƙyalle ta wuce wani, na san ta san su ɗaya bayan ɗaya kamar yadda nake sanin yaran ajina. Washegari bayan an tashi makaranta na naɗe shi na shiga Birni.

Da na nuna mata ta yi shiru har na ƙosa. Can ta ce, "'Yar nan, kin san wannan? Zanen da aka goye ni da shi ne. Shi ya fi duka tsufa." Na rasa inda zan sa kaina. Na ce, "Hajiya ki yafe mini, garaje na yi." Ta ce, "Da kin canza shi ba ki faɗa mini ba, da na gane, kuma da ba ki sake ganin ƙafata a gidanku ba. Yanzu dai kada ki cire shi. Ki san yadda za ki yi ya zauna a wurinsa, ko da tabon zai fito."

Daga nan ta zaunar da ni ta bi ƙyallayen tana gaya mini. Wannan ankon bikin wance ne, wannan na sunan wane, wannan shaddar ragowar rigar mahaifinta ce, saƙin nan huɗu kuwa daga zanen kakarta aka yanko. Na ƙirga guda 19 da ta ce sun girme ni nesa ba kusa ba. Da na yi wannan zaman tun ranar farko, da ban taɓa ɗora reza a kan mayafin nan ba.

To ga yadda na sake aikin daga tushe, kuma haka nake ba ki shawara ki yi.

Da fari ki ɗauki hoton fuskar da wayarki a gaban mai kaya, gaba da baya, don in gardama ta taso daga baya a san yadda ta zo. Sa'an nan ku ɗaga ta ku biyu a rana. Duk ƙyallen da kika ga haske yana ratsa shi fiye da 'yan'uwansa, ya mutu, ko da launinsa yana nan da kyau. Ki sa masa alama da alli. Irin waɗannan sai ki yanko wani yadi mai laushi wanda ya sha wanki, ki ɗora musu ta baya ya ɗan zarce haɗinsu, ki kama da allurar hannu. Kada ki yi musu majingina da sabon yadi mai sitati, don ƙarfinsa zai ci tsohon. Zanen goyon Hajiya haka na yi masa, na haɗa bakin tsagar a kan majinginar, na bi da zare mai launinsa, ɗinki ƙanana kusa da kusa. Wannan ƙyalle ɗaya ya ci mini yamma biyu.

Sai maganar zuba. Ki jiƙa farin ƙyalle ki goga a kan duk mai launi mai duhu, musamman saƙi da duk abin da ya shiga marina. In ya bar shuɗi a jikin farin, ki gaya wa mai kaya tun yanzu cewa bargon nan ba na yawan wanki ba ne. Fuskar kanta kada ki wanke ta kafin ɗinki, haɗin hannu ba ya jure cuɗa in babu abin da ya riƙe shi, zare zai zazzage. Amma shafi da ciki tilas ki wanke su, ki shanya, ki goge. Sabon yadin auduga yana shiga in ya ji ruwa, tsoho kuwa ya gama shigarsa tun tuni. In kika haɗa su haka nan, ranar wankin fari shafi zai tsuke ya jawo fuskar, bargo ya ƙudundune, ba kuma dutsen gugar da zai miƙar da shi.

Abin da za a sa a ciki ya danganta da abin da mai kaya take so da kuma ƙarfin fuskar. Mu nan Zazzau Allah ya hore mana rimi, har unguwanni ke amsa sunansa, ga Rimin Tsiwa ga Rimin Doko, kuma audugarsa ba ta da na biyu wajen matashi da katifa. Amma ban ba ki shawarar ki sa ta a bargon da za a bi da keke ba. Santsi gare ta, ba ta kama juna, tana gudu a ƙarƙashin allura, ga ta da saurin kama wuta. Audugar gona da aka gurje aka shiɓe ta fi ta zama, sai dai tana son ɗinki kusa da kusa, in kin bar fili mai faɗi za ta dunƙule bayan wanki. Akwai faiba da ake sayarwa a shimfiɗe a kasuwar Sabon Gari wajen masu kayan gado, ba ta da nauyi, tana saurin bushewa, ki nemi mara kauri. Soso kam ki rabu da shi, in ya tsufa marmashewa yake yi ya zama gari a cikin bargo. Ni dai na tsaya a kan bargon audugar nan mara kauri, don fuskar Hajiya ba za ta iya ɗaukar abu mai tudu ba.

Shafi da ciki su fi fuskar girma da inci 4 ta kowane gefe, domin ɗinki yana cin yadi. Turmin atamfa guda mai yadi 6 ya ishe ni. Na yanka tsawon inci 92 sau biyu na haɗa su gefe da gefe, ragowar na ajiye don baki.

Yanzu ga inda aikin yake, wanda na tsallake da fari. A kan gado ba a shimfiɗa wannan aiki, katifa tana lotsawa. Ki share siminti, ki shimfiɗa shafi fuskarsa na kallon ƙasa, ki miƙar da shi ki danne gefunansa da abu mai nauyi, amma kada ki ja shi har ya ɗame. Ki ɗora ciki, ki ɗora fuska, kina shafawa da tafin hannu daga tsakiya zuwa waje. Sa'an nan ki zura farin zare a doguwar allura ki yi ɗinkin wucin gadi, manya-manyan taku, daga tsakiya zuwa kowane gefe, sa'an nan layi-layi a tsaye da a kwance, tsakanin layi da layi kada ya wuce faɗin tafin hannunki. Gwiwa za ta yi ciwo, baya zai ƙage, yara za su zo su taka, ga maigida yana tambayar ina abinci. Na kwana uku a kan wannan kaɗai. Amma in kin yi shi sosai, hawa ukun nan sun zama abu guda, kina iya ɗagawa ki girgiza ba abin da zai motsa.

Kekena Butterfly ne na ƙafa, ba ruwansa da an kawo wuta ko an ɗauke. Ya isa wannan aiki sarai in kin san halinsa. Dalilin tattarewar da ta same ni shi ne, haƙoran da ke ƙarƙashin allura shafi kaɗai suke ja, ƙafar da ke sama kuwa danne fuska take yi tana tura ta gaba. A riga mai hawa biyu ba za ki lura ba, amma a abu mai ciki, bambancin yana taruwa kaɗan-kaɗan har ya zama tattara. Maganinsa, ki sassauta sukurun nan da ke saman kan keke wanda ke matse ƙafar, ki buɗe takun ɗinki ya zama kamar 8 zuwa 10 a inci guda, ki sa sabuwar allura lamba 14, ko 16 in cikin yana da kauri. Ana sayar da wata ƙafa ta musamman mai nata haƙoran, wadda ke jan sama daidai da ƙasa, in kin samu wadda ta hau kekenki ki saya. Kafin ki taɓa kayan mutane, ki haɗa ɗan guntun hawa uku ki gwada, ki duba zaren sama da na ƙasa sun haɗu a tsakiya. Ki goge man keke sarai, ɗigo ɗaya a kan farar shadda ya isa ya ɓata miki suna.

Daga tsakiya ake farawa. Ki naɗe rabin bargon kamar tabarma ki tura naɗin cikin hammatar keke, ki jawo tebur ko kujera ta hagunki da bayan keke don su ɗauki nauyin sauran. In kika bar shi yana reto ƙasa, nauyinsa zai ja allura ya karya ta, ko ya karkatar da layi. Ki ɗinka layin tsakiya daga sama har ƙasa, sa'an nan na kusa da shi, kina tafiya zuwa dama har ki kai baki, ki juya bargon ki yi ɗaya rabin. Hannuwanki biyu a shimfiɗe gefen allura suna lallaɓa yadi, ba ja ba turawa. Ki bar keke ya ci da kansa.

Na bi kowane haɗi, na kuma ratsa tsakiyar kowane ƙyalle, watau tsakanin layi da layi inci 3. Layi 23 a tsaye, 27 a kwance. Da na zauna na yi lissafi irin na aji, sai na ga ɗinkin ya haura yadi 100 in an miƙe shi. Ki tanadi zare isasshe iri ɗaya tun farko, ki cika kwarkwaro huɗu ko biyar ki ajiye. Wurin launin zare na so in sa fari, amma na ga zai yi ihu a kan saƙi, na koma ga ruwan toka, wanda ya ɓace a cikin kowane ƙyalle. Ƙyallayen nan 19 kuwa da na iso kansu sauka nake yi daga taka keke, in riƙa juya shi da hannu taku ɗaya-ɗaya. Kan zanen goyon ma ban bar allurar keke ta hau ba sam, na tsaya a haɗinsa na ɗaure zare, na ƙarasa tsakiyarsa da hannu.

Bayan an gama sai a zare ɗinkin wucin gadi, a daidaita gefuna da almakashi, a yanka ragowar shafi tsiri-tsiri mai faɗin inci biyu da rabi, a ninka biyu a zagaye bakin da shi. Wannan duk mai kalmasa ta iya, ba sai na tsawaita ba.

Saura maganar kuɗi, wadda mu mata muka fi jin nauyinta. Aikin nan ya ci mini mako uku, kullum daga bayan la'asar zuwa magariba, ban da Asabar da Lahadi da nake wuni a kai. A cikin wannan lokaci na mayar da ɗinkin anko na mutum shida don ba hali. Da na kai wa Hajiya ta tambaye ni nawa ne, sai na kama sunkuyar da kai ina cewa ko nawa ta bayar. Ta ba ni abin da ake biyan ɗinkin riga da zane biyu, ba don rowa ba, don ba ta san abin da aikin ya ci ba, ni kuma da na yaga mata zanen goyo ina bakin da zan ce a ƙara? Ke kada ki yi haka. Ranar da aka kawo, bayan kun ɗaga a rana kun ƙirga matattun ƙyallaye, ki lissafa kwanakin da zai ci, ki duba ɗinki nawa kike gamawa a kwanakin nan, wannan shi ne kuɗin aikinki. Kuɗin shafi da ciki da zare daban, a ba ki su a hannu kafin ki fara. Ki faɗa da bakinki a gaban wata, ko da mai kayan gwaggonki ce. In an ce ana so nan da mako guda, ki ba da haƙuri, ba a fafe gora ranar tafiya. In kuwa kin ga fiye da rabin ƙyallayen sun mutu, ki gaya mata gaskiya keke zai ƙarasa su, ta kai wa masu ɗinkin hannu, ga su nan da yawa a cikin Birni.

Ki kuma yi wa mai kaya bayanin wanki, don in ya lalace a hannunta sunanki za a kira. Ruwan sanyi, sabulu mara ƙarfi, a jiƙa a babban baho a dinga dannawa da hannu, ba cuɗa ba murɗa ba bugu. A shanya a inuwa a kan igiya biyu ko uku don nauyin ruwa kada ya tsinka haɗi. Sau ɗaya a shekara ya isa, in sanyi ya wuce za a adana.

Ranar jere na je. An shimfiɗa wa amarya zanen gado na kanti mai sheƙi, bargon kakarta kuwa an ninke shi uku an ɗora a wajen ƙafa. Ƙawayenta suna ta ɗaukar hoton kwanuka da labule, ba wadda ta dube shi. Hajiya ce ta shigo daga baya, ta warware ninkin ta sake ninkewa yadda ƙyallen nan mai zanen ganye zai dawo sama, tabonsa a fili. Tun daga bikin nan an kawo mini irinsa guda biyu, ɗaya daga Tudun Jukun ɗaya daga Gyallesu. Na karɓi na Gyallesu bayan mun yanke kuɗi a gaban surukata, ɗayan kuwa da muka ɗaga shi a rana na mayar wa mai shi.